Ba a Sayi Kunnen Baba Ari Ba

Allah da ya ba mu aron Malam Ari Bakanike ya karɓi abinsa ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, 1958, cikin watan Sha'aban, a gidansa da ke Fagge, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun ƙarshen damina. Nasa muke gaba ɗayanmu, kuma gare shi kowannenmu zai koma. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar matarsa Ya Gumsu, da 'ya'yansa Kubura da Zinariya, da kanikawa masu yawa da suka koyi riƙon sifana a hannunsa.

Baba Ari, na so in rubuta maka irin ta'aziyyar da aka saba, in faɗi alherinka, in yi addu'a, in ajiye alƙalami. Na kasa. Ka tafi da tabo a sunanka, tabon da ba kai ka jawo ba, kuma ina cikin 'yan kaɗan da suka san hannun da ya shafa maka shi. Mutanen Fagge da Sabon Gari suna cewa an sayi kunnenka. In na yi shiru, haka jikokinka za su taso su ji.

Koyarwa ce ta haɗa mu. Al'adata ce ranar Asabar in kwashi 'yan babban aji in kai su ganin sana'o'i, yau maƙera, gobe majema, domin su san cewa ilimi bai tsaya a kan allo ba. Wata Asabar muka iso rumfarka a kusa da Tashar Kuka. Ka ɗago kai daga cikin injin wata babbar mota, ka dubi dogon hancina, ka tambaye ni ko ni Bafillace ne. Na ce haka ne. Ka juya ga yaran, ka ce, "Kaito! Wa ya ba bawana 'ya'yan mutane? Wannan ai kukan saniya kaɗai ya sani." Na ce in Babarbare ya iya wani abu ban da tsage fuska, to mu gani. Tun daga ranar wasan Fulani da Barebari bai yanke a tsakaninmu ba, kuma tun daga ranar yarana suka ƙi yarda a kai su ko'ina sai rumfarka.

Abin da ka koya musu shi ne sauraro. Kana da wata doguwar sanda ta itacen kanya da ta yi baƙi don mai. Sai ka dafa bakinta ɗaya a jikin inji, ɗayan ka matse a ƙashin kunnenka, ka rufe ido. Ka sa su yi haka ɗaya bayan ɗaya, kana tambayar kowa abin da ya ji. Ka nuna musu cewa ƙarar da ta fi firgita mai mota sau da yawa ita ce mafi sauƙi, kamar kwaramniyar salansa da ya saki, ko fankar da ke taɓa wani ƙarfe. Ka jiyar da su 'yar ƙaramar ƙarar tafet, wato 'yan ƙarafan da ke saman inji, mai kama da kaza tana tsattsagar gero a faranti, ka ce wannan sifana ce maganinta. Akwai kuma wadda takan zo sai mota tana hawan tudu, kamar tsakuwa a cikin gwangwani, ka ce a fara tuhumar fetur da saitin wuta kafin a zagi injin. Wata takan bayyana da sanyin safiya, in inji ya ɗumama ta ɓace, wannan fistan ne ya tsufa a cikin gidansa, zai iya yin shekaru a haka.

Guda ɗaya ce in ka zo kanta kakan daina dariya. Ita ce bugun da ke fitowa daga ƙasan inji, mai nauyi, kamar ana daka a maƙwabta kana jin sa ta cikin bango. Da sanyi ba ya fita sosai. Sai inji ya yi zafi, baƙin mai ya tsinke, sannan ya ɗaga murya. Ka ce mital ne ya cinye, wato 'yar kwasfar ƙarfen nan mai taushi da ke tsakanin sandar fistan da ƙarfen da take juyawa. Don ka gane wanne ne, sai ka riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, wadda aka cire bugun ya lafa, nan ciwon yake. Motar da ke wannan bugu ba ka yarda ta bar rumfarka da ƙafarta. Na ga direba ya yi maka rantsuwa cewa Wudil kawai zai je ya dawo, ka cire mabuɗin ka sa a aljihu, ka ce ya je ya kai ƙararka.

Alherinka ba ya ƙirguwa. Na tuna wani mai tufafi a Kantin Kwari da ya zo hankali tashe, ya riga ya yanke shawarar a sauke masa inji saboda wata ƙara da ta hana shi sukuni. Ka saurara, ka zura hannu, ka ɗaure noti guda, ka ce ya tafi. Ya ciro kuɗi, ka ce ya sayo wa yarana 'yan makaranta gyaɗa. Na tuna yarana da suka gama makaranta ba su sami aikin ofis ba, ka karɓe su ba ka tambayi ɗan wane ne ba, ba ka tambayi masallaci suke zuwa ko coci ba. Yau wasunsu suna da rumfunan kansu.

Wanda bai san harkar mota ba zai so in bayyana masa wata al'ada. A tashar nan, in za a sayi tsohuwar mota, mai saye kan kawo bakaniken da kowa ya yarda da shi, ya saurari injin a gaban mai sayarwa da shaidu. In ya ce lafiya, ciniki ya faɗa, ba komowa. Shekara da shekaru kai ne wannan mutum. Inyamurai da Yarabawan Sabon Gari, da Kwarori, da mutanen cikin birni, duk kai suke kira. Ba ka taɓa yanke hukunci da saurare ɗaya ba. Sai ka ji injin da sanyi, sannan ka murza baƙin mansa tsakanin yatsunka don ka tabbata ba a zuba mai kauri ba, sannan a zagaya da motar da nisa har ta yi zafi sosai, ka sake dafa sanda.

Da tsufa ya zo, kunnenka bai ragu ba, gwiwoyinka ne suka gaza. Hawa kan babbar mota ya gagare ka. Sai ya zama Sammani ne ke zaro maka ma'aunin mai ya miƙo maka a ƙasa, shi ne kuma ke zagayawa da motar. Sammani ɗan amininka ne, wanda uban ya tafi yaƙi bai dawo ba. A gidanka ya girma, Ya Gumsu ce ta yi masa goyon ƙarshe, kai ka yi masa aure. Lokacin da wannan abu ya faru, magidanci ne mai 'ya'ya, shi ne hannunka na dama a rumfa.

Cikin kakar gyaɗar bara waccan, Biriskila ta zo wurinka. Mutuniyar Wusasa ce, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ya rasu ya bar ta da yara, tana da rumfar hatsi a Kasuwar Sabon Gari. Ta tattara abin da mijin ya bari da abin da ta tara, tana son babbar mota mai ɗauko mata kaya daga ƙasar Zazzau. Wani dillali baƙo ya kawo mota. Ta ce ba za ta saya ba sai Baba Ari ya saurara. Ka saurara da sanyi. Sammani ya miƙo maka mai, ka murza, ka ji shi daidai. Ya zagaya da motar ya dawo, ka taɓa lagireto ka ji zafi, ka sake dafa sanda. Ka ce lafiya.

Motar ba ta yi sati biyu a hannunta ba. A hanyar Zariya, da kaya a bayanta, injin ya buga, sandar fistan ta fasa gefen inji ta leƙo waje. Dillali kuwa ya bar gari.

Ban manta ranar da Biriskila ta tsaya a bakin rumfarka ba. Tasha cike take. Ta ce, "Baba, nawa suka ba ka? Faɗa mini in san kuɗin marayuna a wurinka. Ni da na ce ko mahaifina ne ya ce in saya ba zan saya ba sai na ji daga bakinka!" Ka roƙi a jawo motar kawai, ka ce da hannunka za ka buɗe ta.

Ranar Asabar ce aka buɗe ta. Ka ce in sallami yara, ka aiki ma'aikatanka, har da Sammani, neman wani ƙarfe a Sabon Gari. Muka rage ni da kai, ina riƙe maka tasa. Da ka kwance notin ƙasa, abin da ya zubo ba baƙin man inji ba ne. Man giyar mota ne, mai kauri kamar zuma, mai warin da ko ni na gane. Ka murza shi a yatsa, ka ce a hankali, "Malam, ba wannan aka miƙo mini ba." Sannan ka kwance sandar fistan da ke kusa da wadda ta fashe. A ƙarƙashin mital ɗinta akwai guntun fata, an jiƙa ta da mai, an yanka mata tsaga biyu a kaikaice.

Na taɓa jin labarin wannan fata daga bakinka. A shekarun yaƙi, da kayan gyara suka yanke, in mota ta fara bugu a dajin hanyar Yarwa, can ƙasar Barno, kakan yanki ɗamararka ka cusa a ƙarƙashin mital, don motar ta rarrafa zuwa gari kada mutane su halaka da ƙishirwa. Tsaga biyun nan dabararka ce, don mai ya sami hanya. Ka ce gyaran ceton rai ne, ba gyaran sayarwa ba, shi ya sa ka ɓoye shi ga ma'aikatanka duka. Mutum ɗaya tak ka taɓa koya wa.

Sauran ya fito fili da kansa. Fata da man giya sun danne bugun. Ma'aunin da aka miƙo maka an goge shi an tsoma a mai na kirki. Zagayen kuwa, an ɓace maka da gani ne, aka tsaya a wani lungu har ruwa ya yi zafi, amma man da ke ƙasa bai kai ga tsinkewa ba. Duk matakan da ka kafa don kare mai saye, an bi su ɗaya ɗaya an toshe, kuma wanda ya toshe su ya san su ne domin kai ka nuna masa.

Ka zauna a kan taya. Na ce mu tashi yanzu mu tara manyan tasha. Ka ce a'a. Ka ce, "Ubansa ya ba ni shi amana a bakin jirgi. In na buɗe baki, ba mai sake ba shi sifana daga nan har Yarwa. Ni na tsufa, me zan yi da suna?" Na ce matar nan fa? Ka ce za ka gyara mata injin da guminka. Sannan ka riƙe hannuna, ka sa na yi maka alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba muddin kana numfashi. Ko ranar ba ka fasa ba, ka ce ka san Bafillace da surutu, amma ka ji an ce suna da kunya.

Biriskila ba ta yarda ka sake taɓa motarta ba, kuma wa zai ga laifinta? Ta sayar da ita a gwangwan, rumfarta ta kasuwa ta bi baya. Kai kuwa aka daina kiranka sauraro. Direbobin da ka tsare wa rai suka riƙa wucewa ta bakin rumfarka suna kallon wani gefe. Iyaye biyu suka aiko mini cewa kada in ƙara kai 'ya'yansu wurin wanda ake saye. Sammani yana nan a rumfa, yana gaishe ka kowace safiya, yana ganin yadda kake ramewa. Ka jira shi ya zo da kansa ya faɗa. Na san ka jira, domin duk lokacin da na zo duba ka a kwance, tambayarka ta farko ita ce ko yaron nan ya ce wani abu. Bai ce ba. Ban ce wannan ne ya kashe ka ba, ajali na Allah ne. Amma na ga mutumin da ya daina son tashi.

Da na yi niyyar binne maganar tare da kai. Abin da ya hana ni ya faru ne ranar sadakar bakwai. Manyan kanikawa suka taru a ƙofar gidanka, suka ce rumfarka da masu koyo a cikinta za su koma hannun Sammani. Wani dattijo, da kyakkyawar niyya, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya yafe wa Malam Ari abin da ya yi wa matar nan ta Sabon Gari." Jama'a suka ce amin. Ina kusa da Sammani. Aminsa ta fi ta kowa ƙarfi, har ya shafa.

Bayan an watse na ja shi gefe, na gaya masa abin da muka gani a cikin injin, na ce ina ba shi dama ya faɗa da bakinsa. Bai musa ba. Ya ce, "Haba Malam, wanda ya tafi ya tafi. Me za ka ƙara masa? Ni kuwa ina da iyali." Na shiga wurin Ya Gumsu neman izininta, domin sunan mijinta ne, kuma ɗan goyonta ne. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta motsa ba. Sannan ta ce, "Malam, ni ma na zaci ya ci. Ina ba shi magani ina zarginsa a raina. Rubuta."

To, ga shi na rubuta. Alkawarina ya ƙare da numfashinka. Ba a sayi kunnen Malam Ari ba. Sammani ne ya rufe bakin injin, ya yaudari mai gidansa, ya cuci mace mai marayu. Manyan tasha su san hannun da za su danƙa wa 'ya'yan mutane.

Amma Baba Ari, ina da ƙorafi a kanka kai ma, kuma ƙaunar da nake maka ba za ta hana ni faɗa ba. Amana biyu ce a hannunka ranar, ta amininka da ya mutu, da ta matar da ta jingina duk abin da ta mallaka a kan kalmarka. Ka zaɓi ɗaya ka saki ɗaya. Ka ce sunanka ne kawai za ka bayar, alhali sunan ba naka kai kaɗai ba ne. Matarka ta yi jinyarka da zargi a zuciya, 'ya'yanka sun sunkuyar da kai a gidajen mazajensu, yarana kuma sun koyi cewa ko kai ana iya sayenka. Wannan darasi ya fi duk abin da na koya musu shiga kansu, kuma ƙarya ne.

Kafin in kai wannan rubutu ko'ina, na nemi Biriskila. Na same ta a bakin rumfar wata, tana auna wake a faifai guda. Na tsuguna na gaya mata komai. Ta ce, "Shi ya sa! Ranar nan na ce a raina, wannan zagaye bai yi sauri ba kuwa? Kuma shi Sammanin ne ya fara kawo mini dillalin har kasuwa." Ta rufe faifanta, ta ba maƙwabciyarta ajiya, ta ce in wuce gaba. A ƙafa muka taho Fagge. Ta shiga cikin gida wurin matan da ke zaman makoki, ta durƙusa gaban Ya Gumsu, ta ɗaga murya yadda na waje ma za su ji. Ta ce a bainar jama'a ta ce an sayi Baba, a bainar jama'a take janyewa, kuma ranar Lahadi za ta maimaita a cocinsu.

Da ta fito na yi mata godiya, na ce ashe ta yafe maka. Ta dube ni idonta jawur. Ta ce, "Malam, ban ce ba. Ya bar ni ina zagin wanda bai cuce ni ba, ina gaida wanda ya cuce ni. Har goro na ba Sammani, na ce ya yi haƙuri da irin mai gidan da Allah ya haɗa shi da shi. Sunan Baba na mayar masa. Shirun da ya yi kuwa, a ba ni lokaci."

Ban matsa mata ba. Haƙƙinta ne, kuma babu mai yafe shi a madadinta.

Ya Allah, ga bawanka Ari ya zo gare ka. Ka san abin da ya sani da abin da aka ɓoye masa. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka saka masa da rayukan da ya tsare a kan hanya da yaran da ya ba abin yi. Ka ba Ya Gumsu da Kubura da Zinariya haƙuri, tare da dangi na nan Fagge da na Barno, da duk wanda ya taɓa cin abinci ta hanyar hannunsa. Ka shiryi Sammani ya nemi waɗanda ya zalunta tun yana da iko. Ka mayar wa Biriskila da marayunta fiye da abin da suka rasa, ka sanyaya zuciyarta har ta furta wa Baba Ari kalmar da ta rage, domin ita kaɗai yake jira yanzu. Mu kuma, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.